Ragar Adawiyya

Da ido ɗaya nake rubuto muku wannan, wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri. Ɗayan idon yana nan bai je ko'ina ba, kumbura ya yi ya rufe ruf, ya yi baƙi kamar nunanniyar ɗinya. Kuma Juma'ar nan mai zuwa aka sa ɗaurin aurena. Aka sa na ce, ban ce za a ɗaura ba.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Bahijja. Gidanmu yana Mardjandafak, bayan kasuwa, cikin tsofaffin gidajen nan da kakanni suka zo fatauci suka manta hanyar komawa. Wanda zan aura Zubair ne, ɗan Kano, bai daɗe a N'Djamena ba. Yana sayar da kayan sola, yana zaune a Goudji tare da gwaggonsa Hajiya Murja, wadda ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsa. Ba wanda ya yi mini dole. Ni na gani na ce ina so, har yanzu kuma ban ce na fasa ba. Ku riƙe wannan, don na san ku da saurin yanke hukunci a wurin sharhi.

A nan garin amarya ba ta ganin rana. Kusan wata guda ke nan ina ƙunshe a ɗakin ƙurya, an saki labule mai kauri, an toshe taga da tsohon zane. Safe da yamma Zaliha mai dilka take zuwa ta murje ni kamar tana da tsohuwar gaba da fatata. In ta gama ta zaunar da ni kan ramin dukhan, ta lulluɓe ni da bargo, hayaƙin itace yana shiga ta ko'ina ina zufa kamar tulu. Gaskiya aikin ya yi kyau. Na yi santsi, na yi haske, ƙamshi har a bangon ɗaki. Ranar da Gwaggo Murja ta zo dubawa, kama hannuna ta yi tana juya shi gaba da baya, yadda ake duba kifi a bakin kogi.

“Masha Allah, ta fara nuna,” in ji ta.

Na ce a raina, to, mangwaro ya gode.

Ina kan ramin nan ranar Alhamis saƙon Sharifa ya shigo, kyaftin ɗinmu ta ƙwallon hannu tun muna lise, wato sakandare.

*Lahadi ce fa shekarar Adawiyya. Sauka da safe a gidan Hajjo, bayan la'asar fili. Raga tana jiranki.*

Na daɗe ina kallon wayar har hayaƙi ya dushe gilashinta.

Bari in gaya muku wace ce Adawiyya, tunda a gidanmu an daina faɗin sunanta. Ƙawata ce tun muna cin ƙasa, katanga biyu ce tsakanin gidajenmu. Ita ce mai tsaron ragarmu. Doguwa, siririya, ga baki. Wanda bai san ƙwallon hannu ba ya sani: mai tsaron raga ba shi da safar hannu, ba shi da komai, jikinsa ne ƙofa. Ana jefo masa ƙwallo daga kusa da ƙarfin da zai fasa ƙwarya, shi kuma aikinsa ya tare da duk inda ta samu. Adawiyya dariya take yi in ta same ta. Ni kuwa a gefe nake wasa, ina da gudu, amma da na ga ƙwallo ta nufo fuskata sai in runtse ido. Ta mayar da ni abin tsokana.

“Matsoraciya! Ranar da babu ni ke za ki tsaya a ragar nan, in ga ƙarshen runtse ido.”

Ta faɗa ya fi a ƙirga, muna dariya. Daminar bara zazzaɓi ya kama ta ya hau mata kai. Kafin mu gama cewa gobe za ta warware, an fita da ita a makara. Wasa ya zama wasiyya ba tare da ta sani ba.

Tun daga nan ba mu sake taruwa ba, ba wadda ta yarda ta tsaya a wurinta. Mutanenmu suna son mamaci kwana uku, su jure shi kwana arba'in, daga nan ya zama abin da ba a ambata a gaban abinci. Mu muka ce a'a. Muka sa rana tun da daɗewa: in ta cika shekara za a yi mata sauka, a ci abinci, mu buga wasa ɗaya a filin makarantar Klémat inda muka saba, ni a raga. A lokacin bikina yana can bayan Salla. Daga baya Gwaggo Murja ta samu tafiyar Umra, aka jawo bikin gaba don ya dace da jirginta. Na ce akwai ranar Adawiyya. Aka dube ni kamar na ce akwai ranar kaza.

Na rubuta wa Zubair daga ƙarƙashin bargo.

*Lahadi zan fita. Wasan Adawiyya.*

*Haba amaryata. Wace fita kuma ana saura kwanaki?*

*Na gaya maka tun da aka matso da rana.*

*Na ɗauka kin bar maganar. Bahijja, mamaci ba ya kallon ƙwallo. Ki yi mata Ƙulhuwallahu a ɗaki, ita ce za ta isa gare ta.*

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Ba abin da ya kai gaskiyar da aka faɗa don a rufe maka baki ciwo.

*Addu'a tata ce, kullum ina yi. Wasan na waɗanda ta bari ne.*

*Gwaggo ba za ta fahimta ba.*

*Kai fa?*

Ya karanta. Ya fara rubutu, ya goge, ya sake farawa. Abin da ya iso a ƙarshe hoton gadon da ya saya ne, da tambayar ko kalar ta yi mini.

Sai na tuna wani abu da na daɗe ina dannewa. Lokacin rasuwar Zubair yana Kano sayen kaya. Ya ce in ya dawo zai je ya yi wa Hajjo, mahaifiyar Adawiyya, ta'aziyya. Ya dawo. Ya ce sai ya huta. Ya huta. Ya ce ai yanzu an yi nisa, zuwan zai fama mata ciwo. Shekara guda motarsa tana wucewa ta ƙofar matar nan in ya zo zance, bai taɓa taka birki ba. Kuma Adawiyya ce ta fara ba shi lambata.

Ranar Lahadi ban je sauka ba, na yi tawa a ɗaki. Da aka kira la'asar na yi salla, na sa dogon wando da riga, na ɗaure kaina tamau, na naɗa laffaya ruwan toka a sama. Takalmin wasana yana ƙarƙashin akwatunan lefe, na jawo shi na kakkaɓe. Ban haura katanga ba, ban yi ƙaryar asibiti ba. Ta tsakar gida na bi, inda Umma take tsince shinkafar biki da mata biyu.

Zaliha ce ta fara ganina, kwanon dilka a hannunta. “Arus! Tamshi wen? Amarya, ina za ki?”

“Klémat za ni.”

Umma ta ajiye faifai. Ta dubi takalmin kafin ta dubi fuskata.

“Koma ciki.”

“Umma, ki yi haƙuri.”

“Haƙurin me? Kin san wahalar da aka sha a kan fatar nan? Ki fita ranar nan ki dawo mini kamar gawayi? Me zan ce wa mutanen Goudji? Dama suna ganin 'yan matan garin nan idonsu a tsaye yake.”

“Ki ce musu na je wurin ƙawata.”

“Ƙawarki tana kabari, Bahijja!”

Matan nan biyu suka dage da tsintar tsakuwar da babu ita.

Na ce, “Uwarta fa? Ita ma tana kabari? Umma, an kai goron bikina har Kousseri a ƙetaren kogi, an tsallake ƙofar Hajjo.”

“Don kada mu fama mata ne.”

“Kowa yana gudun fama mata, har an bar ta ita kaɗai da ciwon. Matar nan ta goya ni. Da ni ce na mutu, Adawiyya za a aurar, za ki so a tsallake ƙofarki?”

Ban taɓa yi wa Umma magana haka ba, kuma ba alfahari nake yi ba. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta, ba ta dube ni ba.

“Kalas, shi ke nan. In kin fita, ke za ki yi wa Hajiya Murja bayani da bakinki. Ni ba ruwana.”

Ba izini ba ne, amma ba ta ce ba ta yafe ba. Na fita.

Wayyo rana! Wata guda ban gan ta ba, ta karɓe ni kamar mai jiran ramuwa. Na tare klando a bakin kasuwa, mai babur yana ta waiwaye saboda ƙamshin dukhan.

“Madam, gidan biki za mu?”

“Filin ƙwallo.”

Ya daina waiwaye har muka isa.

Na zaci mu kaɗai ne za mu zo. Ashe an cika. Tsofaffin 'yan ajinmu, wasu da goyo, wasu da ciki, malaminmu na wasanni da furfurarsa da usur ɗinsa, 'yan matan lise na yanzu da suka yarda su kara da mu. An shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiya, ga kuloli, ga robobin karkanji, wato zoɓo, mai sanyi. Da suka hango ni aka ɗauki ihu.

“Amarya ta gudo!”

“Ku rufe ta kada ta narke!”

Sharifa ta rungume ni ta shinshina wuyana. “Kai! Wannan in kika tsaya a raga ai ƙamshi kaɗai ya isa ya kayar da mai jifa.”

Sai na ga Hajjo. Tana zaune a ƙarshen tabarma, ta rame har laffayarta ta yi mata yawa, da ƙullin leda a cinyarta. Shekara guda ba ta wuce ƙofar gida ba. Na durƙusa a gabanta.

“Ya binti,” ta ce, “sun bar ki kin zo?”

“Na zo dai, Hajjo.”

Ta gane. Ta kwance ledar ta fito da rigar. Ruwan ɗorawa, mai dogon hannu, lamba ɗaya ta kusa gogewa a baya, gwiwar hannun hagu da facin atamfa.

“Ni na yi facin nan,” ta ce. “Shekara da shekaru ina wanke rigar nan ina faɗa, ban taɓa zuwa na ga abin da take yi a cikinta ba. Kullum sai ta ce, Hajjo ki zo ki gani, in ce wasan banza, ina da aiki.” Ta miƙo mini. “Yau ba ni da aiki. Nuna mini.”

Na saka. Hannun ya yi mini tsawo sai da na naɗe.

Malam ya zo yana duba mu kamar dā, farce da 'yan kunne. Ya nuna yatsana da usur. “Bahijja, an manta doka? Ba a wasa da zobe.”

Zoben baikona ne, na gwal, Gwaggo Murja da kanta ta zura mini shi. Dilka ta sa yatsan ya yi santsi, ko gardama bai yi ba ya fito. Na sa shi a tafin Hajjo, ta ƙulle shi a bakin laffayarta.

Kafin a fara muka tsaya layi, aka yi fatiha. Daga nan na taka zuwa raga. Ban san tana da faɗi haka ba. Adawiyya tana cika ta kamar an auna da ita, ni kuwa na tsaya a tsakiya kamar tsinke a bakin rijiya.

Kada in yi muku ƙarya, an ci ni. Yaran nan ba su san amarya ba, ba su san makoki ba, jifa kawai suke yi. Ta dama, ta hagu, ɗaya har ta tsakanin ƙafafuna. Kowace ta taho sai idona ya rufe da kansa. Daga tabarma ana ta ihu, “Buɗe ido, amarya! Ba daren farko ba ne!” Zufa ta wanke dilkar wata guda ta zubar a ƙasar Klémat. Muka tashi an cinye mu, ba wanda ya damu da lissafi.

Sai Sharifa ta ɗauki ƙwallo ta je ta tsaya a layin bugun fanareti. Haka muke rufe kowane atisaye a dā: jifa ɗaya, ita da Adawiyya, mai hannun da ya fi na kowa da mai ragar da ta fi kowa. Na ga tana auna gefe, inda ba zai same ni ba.

Na ce, “Sharifa, in kika tausaya mini ban yafe ba. Yadda kike yi mata.”

“Juma'a fa, Bahijja.”

“Yadda kike yi mata!”

Malam ya busa.

Na gan ta. Wannan nake so ku sani, ko me zai biyo baya. Na ga ƙwallon tun daga yatsun Sharifa, na ga ɗinkinta yana juyawa, na ga ta yi sama ta nufi kusurwar dama, na bi ta da dukkan jikina, idona biyu a buɗe tar. Hannuna ya makara. Fuskata ba ta makara ba.

Da na dawo hayyacina ina kwance, ƙasa a bakina, wuta a idona, kawuna sun yi mini rumfa. Abin da na fara tambaya shi ne, “Ta shiga?”

“Ba ta shiga ba, mahaukaciya!” in ji Sharifa tana kuka tana dariya.

Sai muka ji guɗa. Siririya, tana karyewa a tsakiya kamar muryar da aka daɗe ba a yi amfani da ita ba. Hajjo ce a tsaye, hannu a baki. Ta yi ta sake yi, sannan ta zauna ta yi kukan da ina jin tun bara yake maƙale. Matan suka kewaye ta. Ba wadda ta ce mata ta yi shiru.

Bayan nan aka buɗe kuloli. Kisar, siririyar wainar nan ta dawa, da miyar kuɓewa, soyayyen kifi, shayi yana zagayawa. Ina zaune jikin Hajjo tana danna mini ƙanƙarar karkanji a ido, kowa yana kawo nasa labarin Adawiyya: yadda ta taɓa korar alƙalin wasa da takalmi, yadda take cin barkono kamar gyaɗa. Sunan da aka shekara ana ɓoyewa ya yi ta yawo daga baki zuwa baki, Hajjo tana cewa, “Haka ta yi? Ja'ira! Ban sani ba.” Wata ta ɗauke ni hoto da idon nan. Kun san sauran, kafin shayi na biyu hoton ya isa Goudji.

Rana ta yi sanyi lokacin da farar motar ta tsaya a bakin fili. Zubair ya fito cikin shadda ruwan sararin sama, da takalmi mai igiya yana ƙyalli. Gwaggo Murja ba ta fito ba, gilashi kawai ta sauke.

Sharifa ta raɗa mini, “Ja laffaya ki rufe.”

Ban rufe ba. Na miƙe da rigar Adawiyya a jikina na tare shi a bakin tabarma.

Ya dubi idon ya kau da kai, ya sake duba. “Inna lillahi. Bahijja, me kika yi wa kanki?”

“Tarewa na yi.”

“Yanzu a haka za a kai ki? Me zan ce wa mutane?”

“Kowa yau tambayar da yake yi mini ke nan. Ka ce musu ba ta shiga ba.”

Daga mota muryar Gwaggo ta taso, ba ta ko rage ta ba. “Zubairu, dubi hannunta! Ina zoben da na sa mata?”

Ya duba. Fuskarsa ta canja fiye da yadda ta canja a kan idon.

“Ina zoben?”

“Ba a wasa da shi, na ba da ajiya.” Na nuna masa ƙarshen tabarma. “Ga shi can a bakin laffayar Hajjo. Ka gane ta? Ita ce mai ƙofar da kake wucewa. Ka je ka durƙusa ka yi mata gaisuwar da ka ce sai ka huta, ka karɓo zobenka a hannunta. In ka kawo, ga yatsana, ko gardama ba zan yi ba. In kuma ya yi maka nisa, ka bar shi, gobe a kai muku har gida tare da akwatunanku.”

“A gaban mutane, Bahijja?”

“A gaban mutane aka fita da ita.”

Gyara zama Hajjo ta yi, ta share gefen tabarmar kusa da ita da tafin hannu, yadda ake yi wa baƙo. Duk filin ba mai motsi, har masu goyo sun daina jijjiga.

Ba a hawa tabarmar mutane da takalmi, ko a Kano. Zubair ya dubi ƙafarsa, ya dubi motar, ya dube ni. A hankali ya sunkuya ya kama igiyar takalmin dama.

Gwaggo Murja ta miƙa hannu ta danna hon, dogo, har tsuntsayen dalbejiya suka watse.

“Zubairu! Wallahi in ka kwance igiyar nan, ka nemi wadda za ta karɓar maka amarya ranar Juma'a, ba ni ba!”

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya ɗago yana nemana da ido, irin kallon nan na ki taimake ni, ki ce wasa kike yi.

Ina son mutumin nan, Allah ya sani. Amma yau na koyi abu ɗaya a bakin raga, da tsada na koye shi. Ido ɗaya ya rage mini. Na kafe shi da shi, ban runtse ba.